Zauren Direbobi: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Birkin ABS

Yawancin wasiƙun da suka zo mana wannan watan daga Yamai da Tawa a kan abu guda suke: ƴar fitilar nan ruwan ɗorawa mai haruffa uku da ke kamawa a tablo, wato ta ABS, na'urar da ke hana taya cijewa, da kuma birkin da ke bugun ƙafa idan an danne shi. Mun taƙaita tambayoyin don wuri ya ishi amsa.

Wani direban tasi daga Bukoki, Yamai: Corolla ce nake ja, ta hannu, daga Kwatano aka kawo ta. Ranar da aka yi ruwa wani ɗan kabu-kabu ya gitta mini, na danne birki da ƙarfi, sai feda ta riƙa bugun ƙafata tana ƙara gur-gur-gur. Na tsorata na ɗaga ƙafa, da ƙyar Allah ya kiyaye. Birkin ne ya lalace?

Malam, birkinka lafiyarsa ƙalau. Bugun da ka ji ABS ne yake aikinsa, ɗaga ƙafar da ka yi kuwa shi ne ya kusa jawo maka asara.

Taya tana riƙe kwalta ne muddin tana juyawa. Idan aka danne birki har ta cije ta tsaya cik, sai ta koma jan ƙasa, riƙonta ya ragu, sitiyari kuma ya daina jin magana. Ko ka murɗa shi har ƙarshe, inda motar ta nufa can za ta. In tayoyin baya ne suka cije, sai bayan motar ya juyo gaba. Riƙo ya fi ƙarfi a lokacin da taya ke juyawa ƙasa da gudun motar da kamar kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, kuma duk aikin ABS shi ne tsare kowace taya a wannan ɗan tsakanin, kada ta cije.

A bayan kowace taya akwai ƴar na'ura mai jin gudunta, wato sansa, tana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da tayar. A motocin Toyota da yawa haƙoran 48 ne. Duk haƙorin da ya wuce, sansa na aika wa kwamfutar birki alama, da haka kwamfutar ke sanin gudun kowace taya daban. Ita kwamfutar tana manne da wani curin alminiyam a ɗakin injin, za ka gane shi da siraran bututun ƙarfe biyar ko shida da suka shiga jikinsa. A cikin curin akwai bawul biyu na kowace taya, da ɗan famfo mai aiki da lantarki, da ƴar ma'ajiyar mai. Bawul ɗin shiga a buɗe yake kullum, na fita kuma a rufe, shi ya sa a tuƙin yau da kullum man birki ke wucewa ta cikinsa kamar babu shi.

Idan kwamfuta ta ga wata taya tana rage gudu da saurin da motar kanta ba za ta iya ba, ta san tayar na gab da cijewa. Sai ta rufe bawul ɗin shiga na wannan tayar kaɗai, ƙarfin da ke kanta ya tsaya inda yake komai dannawarka. In tayar ta ci gaba da mutuwa, sai ta buɗe na fita, ɗan mai ya zuba a ma'ajiya, falaket ɗin da ke matse faifan birki ya sassauta masa, famfo kuma ya mai da man sama wajen feda. Da tayar ta farfaɗo sai a sake buɗe mata mai. Ana iya maimaita wannan har kusan sau 15 a daƙiƙa ɗaya. Man da famfo ke turowa baya shi ne bugun da ka ji, ƙarar kuma ta famfon ce da bawuloli.

Abin yi a irin wannan hali: danne birki iya ƙarfinka, danne kuloci tare da shi, kada ka sassauta har sai motar ta tsaya ko hatsarin ya wuce, idonka na kan inda kake so ka bi. Tsofaffin direbobin Fijo 504 sun saba da taka-saki, taka-saki a kan santsi, kuma a motarsu daidai ne. A mai ABS wannan ɓata tazara ne kawai, don ƙafar mutum ba za ta kai saurin bawul ba, kuma ba ta iya sassauta wa taya ɗaya ta bar uku. Sai dai a kula, tun da sitiyari yana aiki, wanda ya fizge shi cikin firgici zai iya samun kansa a hannun masu tahowa. Kaucewa kaɗan ta isa.

Muna ba kowane mai irin wannan mota shawara ya nemi fili babu mutane babu dabbobi, ya ɗaura bel, ya kai kilomita 30 a awa, ya danne birki da gaske sau biyu ko uku. Ƙafar da ta taɓa jin bugun ba za ta gudu ba ranar da ake buƙatarta.

Fasahar ma ta kwana biyu. A jiragen sama ta fara, kuma a 1978 kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da irin mai kwamfuta a manyan motocinsu. Tun 2004 kusan duk sabuwar ƙaramar motar da aka sayar a Tarayyar Turai da shi take fitowa, shi ya sa yawancin motocin da suka shigo mana ta Kwatano da Lome suke da shi.

Wani mai Hilux daga Tawa: Ina yawan zuwa kasuwannin daji wajen Abalak da Cintabaraden. A kan rairayi da gargada birkin kamar ba ya kamawa, feda na ta rawa motar na ta tafiya. Makanikena ya ce a zare fiyus ɗin ABS a huta. In yarda?

Alhaji, abin da ka lura da shi gaskiya ne, ba zato ba. A kan rairayi da tsakuwa, tayar da ta cije tana tono ƙasa ta tara tudu a gabanta, tudun nan kuma yana taimaka wa motar ta tsaya. ABS ba ya barin taya ta cije, don haka tudun ba ya taruwa, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. A kan gargada kuma taya tsalle take yi. Duk lokacin da ta bar ƙasa birki na tsayar da ita nan take, kwamfuta ta ɗauka santsi ne ta sassauta. In shokozoba ta mutu abin ya fi muni, don tayar ta fi daɗewa a sama.

Duk da haka ba mu yarda a zare fiyus ba, kuma dalilinmu mai nauyi ne. A tsofaffin motoci akwai wani bawul na ƙarfe da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon lodi. A yawancin sababbi an cire shi, kwamfutar ABS ce ke wannan rabon tsakanin gaba da baya. Ka kashe ta, ka bar tayoyin baya da cikakken ƙarfi. Hilux da ba ta da kaya a baya, ka danne birki a kwana, bayanta zai iya juyowa kafin ka ankara, mota mai tsayi kuma in ta juya gefe a kan jar ƙasa kifewa ce ke biyo baya. Ga shi motar da ke shiga daji ita ce dai ke hawa kwalta zuwa Ƙonni ko Yamai, inda jaki ko amalanke ke iya fitowa da dare. In motar na da na'urar hana zamewa a kwana, ita ma da wannan fiyus ɗin za ta mutu, a wasu motoci har da agogon gudu.

Maganin yana wajen tuƙi da gyara. Rage gudu tun da nisa, ka sauko da giya injin ya riƙe motar, birki ya zama na ƙarasawa. Sa giyar taya huɗu tun kafin ka shiga rairayi. Duba shokozoba: in tana zubar da mai, ko ka danna kusurwar motar ta yi ta lilo, canza su biyu-biyu, dama da hagu tare. Kada a cika wa taya iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, taya mai tauri ta fi tsalle. In kuma motarka na da makullin difaranshal na baya, za ka ga fitilar ABS ta kama idan ka kulle shi. Motar ce ta kashe shi da kanta, zai dawo da ka buɗe.

Wata Hajiya daga Yantala, Yamai: Fitilar ABS ta kama a tablo ta ƙi mutuwa, amma birki na kamawa. Zan iya ci gaba da kai yara makaranta?

Hajiya, ki fara duba ko fitila ɗaya ce ko biyu. In mai ruwan ɗorawa ce kaɗai, birki na nan yadda yake, ABS ne kwamfuta ta kashe saboda ta ga abin da ba ta yarda da shi ba. Za ki iya tuƙi a hankali, ki bar tazara, amma a gyara cikin kwanaki, musamman da damina. In kuma jar fitilar birki ta kama tare da ita alhali birkin hannu a sauke yake, ki tsaya. Ko mai ya ragu ƙwarai, ko rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya ya mutu. Kada a ɗauki yara a ciki sai an duba.

Sau da yawa laifin ba na kwamfuta ba ne, ko da yake ita ake fara zargi don ita ce mai tsada. A fara da batir: a kashe ya kamata ya nuna wajen bolt 12.6, injin na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. In wuta ta faɗi ƙasa da kamar bolt 10, ABS na kashe kansa. Sai fiyus, sau da yawa biyu ne, babba na famfo da ƙarami na kwamfuta. Daga nan a cire tayoyi a bi wayar kowace sansa da hannu, don tana lanƙwasa duk lokacin da aka juya sitiyari, tana iya karyewa a ciki fatarta lafiya. Ruwan da ke kwanciya a titunan Yamai cikin Agusta kuma yana shiga mahaɗin wayar ya sa shi tsatsa.

Mafi sauƙi a sa kwamfutar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, amma irin wadda ke karanta birki, don ƙananan masu araha injin kaɗai suke gani. A Toyota da yawa, lamba C0200 na nufin sansar gaba ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, C1241 kuma ƙarancin wuta. Lambar tana nuna gefen da za a duba ne kawai, ba ta ce a sayi sabuwar sansa ba. Makanike nagari zai tuƙa motar yana kallon gudun tayoyi huɗu a kwamfutar, wadda ta bambanta da sauran ita ce mai ciwo.

Ga masu gyara: sansa iri biyu ce. Tsohuwar iri maganaɗisu ne da naɗin waya, ana auna ta da mita, yawanci tsakanin om 800 da 2000. Sabuwar iri wuta take karɓa daga kwamfuta, awon om ba ya faɗin lafiyarta, yana ma iya lalata ta. Zobenta kuma yawanci ba haƙora gare shi ba, maganaɗisu ne a jikin robar boris, ta gefe ɗaya. In aka buga boris ɗin a juye, fitila za ta kama da an tashi, kuma fitar da shi yakan lalata shi. Kafin a buga, a kanga ƴar allura ko ƙaramin ƙusa a gefen biyu, gefen da ya ja shi ne zai fuskanci sansa.

Wani mai karatu daga Wadata, Yamai: Tun da aka canza mini kardan, ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa taya, duk lokacin da zan tsaya a hankali a wutar hanya sai feda ta yi rawa, alhali ƙasa a bushe take, fitila kuma ba ta kama ba.

Wannan ABS ne ke shiga inda ba a kira shi ba, saboda wata sansa na ba shi labarin ƙarya. Alamar da tsohuwar irin sansa ke bayarwa tana raunana idan gudu ya ragu. In tazarar da ke tsakaninta da zobe ta wuce ƙa'ida, wadda yawanci ba ta wuce milimita ɗaya ba, alamar na ɓacewa kafin motar ta tsaya, sai kwamfuta ta ɗauka tayar ta cije ta sakar mata birki. Abin ba na rainawa ba ne, don yana ƙara maka mita ɗaya ko biyu daidai inda mota ke tsaye a gabanka.

Tun da bayan canjin kardan ya fara, a duba zoben da ke kan sabon. A ƙirga haƙoransa a gwada da na tsohon, don akwai kardan da ke shiga daidai amma adadin haƙoran ya bambanta. A duba ko an lanƙwasa haƙori da guduma wajen sawa, ko zoben ya tsage. A zare sansar a share garin ƙarfen da ya manne a bakinta, a kankare tsatsar da ke mazauninta, a mai da ita ta zauna daram. Boris mai wasa ma na kawo haka, da tayoyin da girmansu ya bambanta a dama da hagu.

Wani yaron garaji daga Tawa: Maigidana ya ce man birki duk ɗaya ne, in babu ma a zuba na giya. Wane iri ya dace da mota mai ABS, kuma yaushe ake canza shi?

Ƙanenmu, da girmamawa ga maigidanka, a nan bai yi daidai ba. Man giya, man injin da man sitiyari duk daga fetur suke, suna kumbura robobin birki cikin ƴan kwanaki, kuma in suka shiga curin ABS sai dai a sayi wani. Ruwa da sabulu da wasu ke zubawa a hanya shi ma hatsari ne. Abin da aka rubuta a murfin tukunyar shi za a zuba, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Ana iya zuba 4 a inda aka ce 3, amma ba a zuba 3 a inda aka ce 4. DOT 5.1 danginsu ne. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, yana kumfa idan famfo ya kaɗa shi, ba a sa shi a mota mai ABS.

Man birki yana shan danshin iska, ko mota na ajiye. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da ya sha ruwa kashi uku da ɗoriya cikin ɗari, na farko ya sauko 140, na biyu 155. Mota mai lodi da ke ta taka birki cikin zafin Afrilu na iya kaiwa nan, man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Ruwan nan kuma shi ke sa ƙananan bawulolin ABS tsatsa su maƙale. Don haka a canza shi gaba ɗaya duk shekara biyu, lita ɗaya takan isa ƙaramar mota, kuma a sayi gwangwani rufaffe. Wanda aka buɗe aka ajiye wata da watanni a kan kanta ya riga ya sha iska.

Wajen fitar da iska, a yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunya, a ƙare da ta kusa, ana ƙara mai kada tukunyar ta bushe. In ta bushe iska ta shiga curin, taka feda kaɗai ba ya fitar da ita a motoci da yawa, sai an sa kwamfutar bincike ta buɗe bawuloli ta tada famfo. Wajen canza falaket kuma, a sassauta ƴar kusar fitar da iska kafin a tura fistin baya, baƙin man da ya kwanta a ƙasa ya zuba waje maimakon a tura shi sama cikin bawuloli.

Wani malamin koyar da tuƙi daga Yamai: Ɗalibaina na cewa mota mai ABS nan take take tsayawa. Me zan gaya musu?

Malam, ka ba su lissafi. A kilomita 50 a awa mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya ta ankara, mita 14 ke nan, birki a busasshiyar kwalta ya ƙara wasu kamar 14. A kilomita 100, ankara na cin mita 28, birki kuma wajen 56, don in gudu ya ninka biyu tazarar birki ninki huɗu take. A jiƙaƙƙiyar kwalta wannan 56 ɗin na iya kusantar 100. ABS yana amfani ne da riƙon da taya ke da shi, ba ya ƙara mata. Tayar da zanenta ya kai ƙasa da milimita 1.6 ta gama aiki, kuma lambobi huɗun da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Wani ɗan kasuwa daga Tawa: Zan sayi mota ta hannu. Yaya zan san ABS ɗinta na aiki?

Murɗa makulli tablo ya kama, amma kada ka tada injin. Dole fitilar ABS ta kama. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi. A yawancin motoci za ta mutu da kanta bayan daƙiƙa uku ko huɗu, alhali ta man injin da ta batir suna nan a kunne. In ta ƙi mutuwa sai an tada injin, kuma ta mutu daidai lokaci ɗaya da ta mai, ka sa mai lantarki ya buɗe bayan tablo, don akwai masu haɗa wayoyin biyu su ɓoye ciwo. Buɗe gaban motar ka ga curin alminiyam ɗin da bututunsa da babban soket ɗinsa a haɗe, ka leƙa bayan tayoyi ka ga wayoyin sansa huɗu ba a yanke ba. Sannan ka tuƙa ta. Da ta fara tafiya za ka iya jin ɗan guntun ƙara daga gaba, gwajin famfo ne. Wuce kilomita 30 a awa ka ga ko fitilar za ta dawo, don wasu laifuffukan sansa sai taya na gudu suke bayyana. A fili mai ɗan tsakuwa ka danne birki da ƙarfi. In feda ta bugi ƙafarka, motar ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba, yana aiki. In tayoyin suka cije suka ja layi a ƙasa, a kai ta wajen kwamfutar bincike kafin a yi maganar kuɗi.